Ba sola ce ta cuce ka ba, Alhaji

To, kun dai ga bidiyon nan. An jibge batura huɗu a ƙofar gida, maigida yana ta kumfar baki wai sola damfara ce, wata takwas kacal sun mutu. Jama'a kuma sai zuba "Allah ya isa" suke yi. Allah ya isa wa wa? Shi da bakinsa ya ce farantin sola huɗu masu wat 300 aka ɗora masa, inbata 5kVA, kuma da esi, na'urar sanyaya ɗaki, yake kwana. Sannu da ƙoƙari, Alhaji!

Inbata ba ta samar da wuta, jama'a. Juya wutar batir kawai take yi ta koma irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Faranti ne ke nemo wutar, batir ya ajiye.

Ku zo mu yi lissafi da yunit, irin wanda kuke saya a mita. Batir mai 200Ah, 12V, yunit 2.4 yake ɗauka, kuma mai ruwa ba a zuƙe fiye da rabinsa. Huɗu ke nan yunit 4.8 ne halalinka. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,200, cikin awa huɗu ya lashe su tas. Sauran daren ran batirin yake ci. Gari ya waye, faranti mai wat 300 a ranar Kano, idan an cire asarar zafi da ta waya, da ƙyar ya ba ka yunit 1.2 a wuni. Huɗu sun kawo 4.8, amma firji da fanka da talabijin suna cin rabonsu tun hantsi. Yaushe batirin zai cika? Batirin darma da ba ya cika, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin darmar, kullum cikinsa na ƙanƙancewa har ya daina riƙe caji. Ka labta wa jaki kaya ka hana shi dusa, ya faɗi ka ce jakin bogi ne.

Wai akwai jabun kaya a kasuwa. Akwai mana, wa ya musa? Amma ko batirin da ya fi kowane kyau ka kawo, wannan haɗin zai kashe shi. Wasu na cewa wai ya koma batirin litiyom. Shi litiyom ɗin da iska ake cika shi?

Wallahi abin da tausayi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, aka kai yunit ɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 a Afrilun 2024, mutane guminsu suke tarawa su gudo sola, sai mai haɗi ya ruɗe su da ƙatuwar inbata saboda ita ido ke gani a falo. Wannan gidan aƙalla faranti takwas yake so, da kantirola MPPT mai daidaita cajin batir, farantan kuma su fuskanci kudu da ɗan karkata kamar digiri 12 zuwa 15. A duba ruwan batir duk wata, kuma ruwan batir ɗin gaskiya, ban da na rijiya. In aljihu bai kai ba, a kashe esi a rungumi fanka.

Af, ku kuma masu kafa tankin ruwa dab da faranti, me ke damun ku? Inuwa ta faɗa kan guda ɗaya, duk layin da aka jera shi a ciki ya ja baya. In hazo ya zo ƙura ta rufe faranti, wani sai damina ce za ta wanke masa nasa.