Ranar da Na Koma Rezar Ƙarfe

Shekara da shekaru ina aske gemu da rezar roba, irin wadda in ta dakushe sai kwandon shara. Ba ta taɓa yanka ni ba, amma tana da nata halin. Gemuna kamar waya yake, aski biyu sai ta koma tsiga, gashi ya cushe tsakanin bakunan, in yi ta ƙwanƙwasa ta. Haka hannuna ya saba da dannawa kamar mai kankare tukunya.

Wani abokina ne ya zuga ni in koma ta ƙarfe, wadda ake kwance kanta a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Har da tarihi ya karanto mini: wai tun 1904 wani ɗan kasuwa mai suna King Gillette ya yi mata rajista a Amurka, ta robar kuwa sai 1975 kamfanin Bic ya fito da tasa.

"Jikanya kake bi ka bar kaka," in ji shi. "Turawa ma mai kariya suke kiranta."

Wannan sunan ne ya cuce ni. Abin da bai faɗa mini ba shi ne ita ba a danna ta. Nauyinta ke yin aikin, kai naka ka ɗan karkata ta, ka bi kwanciyar gashi a hankali. Ni kuwa na shafa kumfa, na danna da ƙarfin da na saba, na taso daga maƙogwaro zuwa haɓa a ja ɗaya.

Wallahi ban ji komai ba. Har na fara yaba kaifinta, sai na ga kumfar tana sauya launi. Na yayyago tishu na liƙa a nan, can ya ɓalle. Da na ƙirga a madubi, guda tara ne, har da ɗaya a gefen kunne inda babu ko gashi.

Ina fitowa maiɗakina ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Maigida, da mage kuka yi?"

Na ce sabuwar reza ce, mai kariya.

"To Allah Ya kyauta. Da marar kariyar ce fa?"

Yanzu dai hannuna ya koyi ladabi, askin na fita sumul, ƙurajen wuya ma sun ragu. Amma ranar da nake sauri, a ɓoye nake jawo ta robar daga bayan madubi.