Ganyen da ya ba abincin yini sunansa a Sikotilan

Ƙamus ɗin tsohon harshen Sikot, wanda ya tattara kalmomin mutanen Sikotilan har zuwa shekarar 1700, ya fara fitowa a 1931 a hannun masanin harshe William Craigie, bai kammala ba sai 2002, da kundi 12. Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, shekara saba'in ana tonon maganar matattu. Ni ban yarda ba, kuma kalma ɗaya ta ishe ni hujja: kail.

Asalinta sunan ganye ne, ɗan uwan kabeji amma ba ya dunƙulewa. Tushen kalmar na komawa ga Latin, caulis, wato kara. Ganyen na jure sanyi, ƙanƙara ma sai ta ƙara masa zaƙi, don haka lokacin hunturu, sa'ad da lambu ya mutu, shi kaɗai ake tararwa a tsaye. Kafin dankalin Turawa ya bazu a ƙarni na 18, talakan ƙasar da shi da sha'ir yake cika tukunya.

To daga nan sai kalmar ta fara faɗaɗa. Romon da aka dafa da ganyen ya zama kail. Sannan kowane irin romo ya ɗauki sunan, ko da babu ganyen a ciki. Daga baya babban abincin yini kansa ya zama kail, har ƙararrawar kiran cin abinci ana ce mata kail-bell, lambun bayan gida kuwa kailyard, ko me aka shuka a cikinsa. Bahaushe ba zai sha mamaki ba, don idan ya ce ya fita neman tuwo, ba lallai tuwon yake nufi ba. Babu kalmar da ke mamaye akushi gaba ɗaya haka sai idan abin da take nufi shi ake ci yau, shi ake ci gobe. Takardun fada ba su damu da tukunyar manomi ba, amma bakinsa ya ajiye labarin.

Wanda ya fi burge ni shi ne cauld kail het again, wato romon jiya da aka ɗumama. Da shi suke yi wa mai wa'azin da ya maimaita tsohuwar huɗuba shaguɓe, ko mai labarin da kowa ya gaji da ji. Ɗumame ke nan, ba ragi. Sai wanda ya saba karyawa da ragowar daren jiya ne zai ƙirƙiro irin wannan habaici. Akwai kuma muslin kail, romon da ba nama, mai tsinkewa kamar siririn yadin da ake kira muslin.

Masu suka suna da ɗan abin faɗa. Irin waɗannan kalmomi kan ja mutum ya riƙa yi wa talauci kwalliya, yana begen zamanin da bai ɗanɗana yunwarsa ba. Hakan ya faru kuwa: a wajajen 1895 aka laƙaba wa wasu marubutan Sikotilan sunan 'yan kailyard, don gorin yadda suke zana ƙauye tamkar aljanna. Amma laifin na marubutan ne. Ƙamus jera ma'anoni yake yi da shekarunsu, bai ce kowa ya yi kewar romon da ba nama ba.

Yau ganyen nan ya zama abin yayi a gidajen abinci na London da Amurka, ana markaɗa shi a sha don gyaran jiki, da tsada kuma.