Masu kiran kwalejojin karkara asara, su je Samaru su tambaya

Tun da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince, a watan Agustan 2025, da dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar tarayya har tsawon shekara bakwai, waƙa guda ake ta rerawa a gidajen rediyo da shafukan jaridu. Wai makarantun da aka kai ƙananan garuruwa ganimar 'yan siyasa ce kawai, kuma da an tattara kuɗinsu an zuba a manyan jami'o'in birane, da tuni ilimi ya gyaru. Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, shi ya miƙa wa masu wannan ra'ayi makami, da ya kawo misalin wata jami'a a Arewa mai ma'aikata 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. Ita dakatarwar ba ta dame ni sosai ba, domin kowa ya ga yadda 'yan majalisa suka mayar da ƙudirin kafa jami'a tamkar rabon takin zamani a jajibirin zaɓe, ko da yake abin dariya ne a ce a zaman da aka rufe wannan ƙofa aka kuma amince da sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda tara. Abin da ya dame ni shi ne ma'aunin da ake son a riƙa auna makarantun karkara da shi daga yanzu, da kuma masu riƙe da ma'aunin, waɗanda yawancinsu ba su taɓa kwana a garin da kwaleji ce babbar masana'antarsa ba.

Su fara da Samaru. Kafin Turawa su kafa gonar binciken aikin noma a can a shekarun 1920, kafin kuma Sardauna ya tsaya kai da fata a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ƙauye ne a bayan Zariya. Yau gari ne mai kasuwa da bankuna da gidajen haya da ba su ƙidayuwa, kuma irin masara da dawa da wake da gyaɗa da cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar ta fitar, irin su SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT, suna gonakin manoman da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba. Wanda ke shakkar alaƙar makarantar da aljihun talaka ya tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A lokacin kowa na maganar ɗalibai da malamai, kuma da gaskiyarsu. Amma mai shayin bakin ƙofa da ya rage yawan burodin da yake ɗauka, da ɗan acaɓan da ya wuni a inuwa babu fasinja, da matar da ke sayar da abinci ta sallami 'yan aikinta, babu wanda ya gayyace su teburin sulhu, alhali su ma an rufe musu wurin neman abinci.

Za a ce Samaru daban ce, jami'a ce ta farko a Arewa. To, a duba Dutsin-Ma da Kashere, waɗanda suka samu jami'o'in tarayya a 2011, ko Kafin Hausa da Wudil masu jami'o'in jiha, ko Bichi da Gumel da Azare masu kwalejojin ilimi, ko Kazaure da Ƙauran Namoda masu kwalejojin fasaha, ko Ɗambatta mai kwalejin aikin gona ta Audu Bako. A tsaya a bakin ƙofar ɗaya daga cikinsu da hantsi, ranar da ake rajistar sababbin ɗalibai. Ga yaro a rumfa da janareta da na'urar buga takardu, yana ɗaukar hoton fasfo yana cike fom a intanet, layi ya kai bakin titi. Kusa da shi mai POS ne, kusa da shi tela, sai mai gyaran waya, sai mai katifa da bokiti da risho da ya baza kayansa a ƙasa domin ya san baƙi sun iso. A cikin gari kuma akwai dattijon da ya sayar da amfanin gonarsa na shekara biyu ya gina ɗakuna shida a bayan gidansa, yanzu kuɗin hayarsu ne ke saya masa taki da biyan kuɗin makarantar jikokinsa. Albashin malamai da ma'aikata yana shigowa kowane wata, kuɗin guzurin da iyaye ke turowa yana shigowa, haka ma Naira 20,000 da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke ba waɗanda suka samu rancen a wata, kuma kusan duka a kasuwar garin suke narkewa, a hannun mai tumatir da mai nama da mai ruwa. A garin da kuɗi ba ya motsi sai da kaka, samun abin da ke juya kasuwa wata goma sha biyu ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma shi ne ke hana saurayi ɗaukar jaka ya nufi Legas ko Abuja ci-rani.

Duk da haka ciniki shi ne ƙaramin ɓangaren maganar. Babban ɓangaren shi ne wanda ke samun damar karatu idan makaranta na kusa, wanda kuma yake rasa ta idan ta yi nisa. Masu cewa a tattara komai a birni 'ya'yansu ba su san matsalar kuɗin mota ba. Ɗan manomi da ke zuwa aji a kan keke ya koma gona da yamma, idan aka ce sai ya kama ɗaki a Kano ko Kaduna, karatun ya ƙare tun kafin a fara. Lamarin 'ya'ya mata ya fi haka tsanani, domin magidanci da yawa zai bar 'yarsa, ko mijin da zai bar matarsa, ta je kwalejin da za ta dawo gida kafin magariba, amma ba zai yarda ta yi kwanan makaranta a gari mai nisa ba. Ana iya yin tir da wannan hali, sai dai tir ba ya sanya yarinya a aji. Waɗanda suka keɓe kwalejin ilimi ta tarayya da ke Gusau ga mata zalla sun fahimci al'ummarsu fiye da masu sharhin yau.

Sannan a tambayi duk wani shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma: su wane ne ke zama a asibitin ƙauye su karɓi haihuwa da tsakar dare? Ba likitan da ya gama a birni yana jiran bizar Ingila ko Saudiyya ba ne. Yaran da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya na Maƙarfi da Jahun da Kankiya da Ningi ne, 'yan yankin, masu iyaye da gonaki a wurin, waɗanda ba sa neman canjin wurin aiki bayan wata uku. Haka yake a firamare. Tun da aka rufe makarantun horon malamai na da, aka ce takardar NCE, wato shaidar kammala kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kwalejojin ilimi ne babbar rijiyar da ake ɗebo malamai, kuma ƙasar da ke da yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, ba ta da hujjar raina wannan rijiya.

Hujjar da suka fi ji da ita ita ce alƙaluman hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, wai ɗalibai ba sa neman waɗannan makarantu. Ina abin mamaki? An wulaƙanta aikin koyarwa har malamin firamare ya zama abin tausayi a unguwa, sannan a dawo ana tuhumar kwalejin ilimi don yara sun guje ta. An bar 'yan bindiga sun kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021, sun shiga gidajen kwanan ɗaliban jami'ar Gusau a Satumbar 2023, sun sake ɗauke ɗalibai mata na jami'ar Dutsin-Ma a watan da ya biyo baya, sannan a zauna a ofis mai sanyi ana lissafin cewa masu neman gurbi sun yi ƙaranci. Gwamnatin da ta kasa tsare hanya da ɗakin kwana ita ce ta kori ɗaliban, ba nisan garin ba. Su kuwa ma'aikata 1,200 da Ministan ya ambata, ba manoman garin ne suka sa hannu a takardun ɗaukarsu aiki ba. Idan an cika jami'a da 'ya'yan manya da 'yan uwan masu mulki, a nemi wanda ya cika ta a hukunta shi, kada a ɗora laifin a kan ƙauyen da ya ba da filin gonarsa aka gina ta.

Ba kuma ina wanke shugabannin waɗannan makarantu ba ne. Akwai waɗanda suka kewaye kansu da katanga suka manta garin da suke ciki: malamai na kwana a babban birnin jiha suna leƙowa kwana biyu a mako, kwangilar kujeru da abinci na tafiya hannun 'yan birni alhali garin cike yake da kafintoci da manoma, gonar gwaji ta kwaleji ta zama jeji yayin da manomin da ke maƙwabtaka da ita ke fama da tsutsar masara. Wannan shi ne aikin da ya kamata a yi a shekaru bakwai ɗin nan. Kuɗin da aka ce an yi tsiminsa daga sababbin gine-gine ya tafi ga ɗakunan kwana masu tsaro da gidajen malamai a ƙananan garuruwa, a tilasta wa kowace kwaleji sayen wani kaso na kayanta a cikin ƙaramar hukumarta, a buɗe darussan yamma ga masu sana'a da matan aure. Kuma duk kwamitin da za a naɗa nan gaba don duba makomar wata makarantar karkara, a sa masa sharaɗin zama da hakimi da shugaban kasuwa da shugabar asibitin garin kafin ya rubuta layi ɗaya na rahotonsa.