Kafin a mayar da foliteknik jami'a, a leƙa wakshop a ga malamin walda

Tun da ministan ilimi Tunji Alausa ya je Yabatech, foliteknik ɗin Yaba da ke Legas, a watan Fabrairun 2025 ya ce shugaban ƙasa ya amince a mayar da ita jami'a, nake jin mutanenmu a nan Arewa suna ta cewa to mu fa, yaushe za a yi wa Kadpoly, wato foliteknik ɗin Kaduna, ai tun zamanin Obasanjo ake mana wannan alkawari. Ni kuwa abin da ya ɓata min rai shi ne hujjar da aka kawo, wai makarantar tana da malamai sama da 200 masu digirin dokta don haka ta isa jami'a. Ba wanda ya tambaya malamai nawa gare ta da za su iya haɗa bututun gas da walda ya tsallake gwaji, ko nawa ne za su tsaya gaban injin lez mai sassaƙa ƙarfe su fitar maka da sandar shaf daidai awo. Makarantar da aka kafa tun 1947 don aikin hannu, yau da yawan daktoci ake auna ta.

Wanda wannan sauyi zai fara murƙushewa shi ne malamin wakshop, wanda a foliteknik ake kira instrakta. Dama can a ƙasa yake da lakcara wajen matsayi, akasari babbar difloma ta HND gare shi, to ina ga an shiga tsarin jami'a inda ba ka zama babban malami sai da PhD da tarin maƙalu a mujallu? Mutumin da ya shekara ashirin yana shan hayaƙin walda har idonsa ya kaɗa, za a ce masa ina takardunka, shi kenan ko ya bar wakshop ya tafi neman digiri ko ya tsufa a mataki ɗaya yaran da ya koyar su dawo su zama shugabanninsa.

Na taɓa raka ƙanena wata foliteknik, na tsaya bakin wakshop ina kallo. Injin walda ɗaya ne ke aiki, ɗalibai sun yi masa zobe suna karɓa-karɓa da gilashi guda biyu, sauran sun kare ido da hannu. Malamin ko kallon yaron da ke walda bai yi ba, ya ce masa ka ɗaga hannu da yawa, rage, daga ƙarar wutar kawai ya gane. Da yaron ya gama ya ɗauki ƙaramar guduma ya kakkaɓe ɓawon, ya ɗaure ƙarfen a bais, wato abin matse ƙarfe, ya lanƙwasa shi sai ga shi ya tsage, ciki duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ya ce kun gani, daga waje kyakkyawa ce amma in tankin gas ne wannan ta kashe mutane. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, babu dizal a janareta, aji ya watse. Daga baya malamin yake gaya min kwalin sandunan waldan ma da kuɗin aljihunsa ya sayo. Wallahi ranar na tafi gida da baƙin ciki.

Wannan ilimin ba a allo yake ba, kuma shi ne ƙasar ke nema ido rufe. Bututun gas na AKK da Buhari ya ƙaddamar a 2020, daga Ajaokuta ya bi Kaduna ya isa Kano, kilomita 614 ne, in ka ɗauka kowane guntu mita 12 ne to gaɓa sama da dubu 50 kenan, kuma kowace sai an yi mata walda an haska ta da na'ura an tabbatar babu rami. Mai irin wannan aiki sai ya ci gwajin da ake kira 6G, a kafe maka bututu a karkace ba ya juyawa, kai za ka zagaye shi da wuta sama da ƙasa. Wa zai koya wa yaro wannan in ba wanda hannunsa ya saba ba? Kowa ya san yadda aka yi ta surutu kan dubban Indiyawa da aka kawo aikin matatar Dangote, muka yi ta zagi a Facebook, amma ba mu tambayi kanmu me ya sa namu ba su da shaidar ƙwarewar da kamfani zai yarda da ita ba.

Masu cewa ai bambancin HND da digiri ne ya jawo, a mayar da su jami'a kowa ya huta, su je su sa a farfaɗo da ƙudurin soke bambancin da majalisa ta zartar a 2021 amma ba a sa masa hannu ba, ba rushe makaranta ake yi don gyara takarda ba. Masu kawo misalin Ingila da ta mayar da nata foliteknik jami'o'i a 1992 kuwa, su fara kawo mana masana'antun Ingila da ke horar da yara tukuna. Mu masaƙun Kakuri a Kaduna sun mutu, kamfanin ƙarafa na Ajaokuta bai tashi ba, wakshop ɗin makaranta da irin su Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, su kaɗai suka rage mana.

Haba jama'a, gwamnati ɗaya ce ke shelar TVET, wato ilimin fasaha da sana'a, tana cewa kashi 80 na karatu ya zama firaktikal, hukumar NBTE mai kula da foliteknik da ke Kaduna tana ta wa'azin sana'a ta fi digiri, sannan gwamnatin ce kuma ke sa wa foliteknik kwaɗayin zama jami'a. Wane malami ne zai tsaya a wakshop bayan ya ga inda lada take? Wannan cin amanar yaran talakawa ne, don su ne ke cika waɗannan kwasa-kwasai.

A ba malamin walda da na inji tsanin girma nasa da zai hau har ƙoli da gwajin hannu ba da maƙala ba, a riƙa tura shi kamfani lokaci-lokaci ya ga sababbin injuna. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma ta rage gine-ginen nan masu ƙyalli ta ware kuɗin sandar walda da ƙarfe da gas da dizal duk zango, sannan a ɗauko gwanayen Panteka a ba su aji da albashi na mutunci ko da ba su da ko difloma.