Samari, me ya ba ku dariya a kukan wanda ake azabtarwa?

Daren jiya a teburin mai shayi na tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya. Da na leƙa, wani yaro ne a bidiyo, an ɗaure hannayensa ta baya an rataye shi, ana zuba masa kulki a gwiwa, wai sai ya amsa satar babur. Wannan ya ce a ƙara masa, wancan ya ce ai ga shi ya amsa. Ƙannena, wallahi raina ya ɓaci. Wa zai sha irin wannan duka bai amsa ba?

Kun san Steve Biko? Ɗalibin likitanci ne a Afirka ta Kudu da ya tashi yana gaya wa baƙar fata su daina raina kansu. A watan Agusta 1977 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata suka tare shi a shinge, suka tsare shi a Port Elizabeth tsirara, da mari a ƙafa. Sun doke shi har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A haka suka jefa shi bayan mota, tsirara, suka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria. Ya rasu ranar 12 ga Satumba, yana ɗan shekara 30. Minista Jimmy Kruger ya ce yajin cin abinci ne ya kashe shi, ya ma ce mutuwar ba ta dame shi ba, 'yan jam'iyyarsa a zauren taro suka kwashe da dariya. Dariya! Irin wadda na ji jiya. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma mai tafa wa azzalumi bafade ne ko bai sani ba.

Kafin Biko akwai Imam Abdullah Haron na Cape Town, limamin da ya yi adawa da wariyar launin fata, wanda ya rasu a tsare a 1969 bayan kwana 123. Suka ce daga matakala ya faɗo. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a 2023 kotu ta tabbatar azabtarwa ce ta kashe shi. Amma shekara 54 fa! Matarsa ta rasu ba ta ji hukuncin ba, 'ya'yansa sun yi furfura suna jira. 'Yan sandan da suka taɓa Biko kuwa, hukumar gaskiya da sulhu da aka kafa bayan ƙarewar mulkin wariya ta hana su afuwa, duk da haka babu wanda ya kwana a kurkuku saboda shi.

Ku kuma kuna dariya. Kuna tura bidiyon daga wannan zaure zuwa wancan kamar goron biki. Za ku ce ai wancan ɗan gwagwarmaya ne, wannan ɓarawo. Wa ya gaya muku ɓarawo ne, kulkin? Biko ma ɗan ta'adda suka kira shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Najeriya na da dokar hana azabtarwa tun 2017, amma nawa ne cikinku suka sani? Sunayen 'yan wasan ƙwallon Ingila kam kun haddace har da kuɗin da aka saye su, ga cacar waya da ta cinye muku jari, wannan maganar wata rana ce.

Ku ji tsoron Allah, ku gyara, ku tausasa zukatanku.

Da can ba haka muke ba. A 1976 Janar Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya kare 'yancin Afirka a gaban duniya, ma'aikata da ɗalibai suka riƙa ba da gudummawa daga aljihunsu don mutanen da ba su taɓa gani ba a kudancin Afirka. A unguwa kuwa, in aka ji ihun yaro, tsohuwa za ta fito da zani a hannu ta ce a bari haka nan, kuma a bari. Yau ihun ake ɗauka a waya, har a sa masa kiɗa.