Jerin sunaye ba waƙa ba ce

Duk wanda ya ce "We Didn't Start the Fire" ita ce gwanar waƙoƙin Billy Joel, mawaƙin nan Ba'amurke, wallahi bai taɓa zama ya saurari mutumin ba. Kun san abin da nake nufi, waɗanda kuka ji shirin tsofaffin waƙoƙin Turawa na daren jiya a wancan gidan rediyon. Ina kan hanyar gida mai gabatarwa ya ce zai karrama Billy saboda ciwon ƙwaƙwalwar da ya sa ya soke wasanninsa tun watan Mayun 2025. Na ji daɗi har na ƙara sauti. Sai ga wannan waƙa ta fito, kuma har da cewa wai ita ce ta fi duka. Kashe rediyon na yi, na ƙarasa gida shiru, raina a ɓace.

Jama'a, jerin sunaye ba waƙa ba ce. Mutum ya ɗauko sunaye da abubuwan da suka faru fiye da ɗari, daga 1949 da aka haife shi zuwa 1989, ya yi ta zubo su kamar mai kiran sunayen ɗalibai a aji. Ba labari, ba wani mutum ɗaya da za ka tsaya ka ji tausayinsa. Ko maroƙi a gidan biki idan zai jera sunaye yakan ce wane ɗan wane jikan wane, ya faɗi abin da mutumin ya yi har ka ga tsikar jikin mai sunan ta tashi. A nan kuwa an ambace ka an wuce, kafin ka ɗago kai an kira mutum biyar.

Za ku ce ai ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. To sai me? Abubuwa nawa suka yi kasuwa shekara guda aka manta da su? Wasu kuma su ce malamai na koyar da tarihi da ita. Wane tarihi? Ku duba abin da ta yi wa Kwango. Ƙasa ta karɓi 'yanci a 1960, aka kashe firaministanta na farko Patrice Lumumba a watan Janairun 1961, jini ya kwarara shekara da shekaru, amma a waƙar kalmomi huɗu kacal ta samu, an liƙa su bayan sunan wani mawaƙin rawa da wani fim ɗin ban tsoro. Sunan Lumumba ma bai fito ba. Yaron da ya haddace wannan me ya sani game da Kwango? Jeri ya haddace, kuma jeri ba waƙa ba ne, ba kuma tarihi ba ne.

Shi kansa mai abin bai ɓoye ba. Ya kwatanta karinta da ƙarar injin likitan haƙori. Al'adarsa ita ce ya fara samo kiɗa a kan piyano sannan kalmomi su biyo baya, amma wannan karon kalmomin ya fara rubutawa, bayan wani matashi ɗan shekara 21 ya ce masa ai a zamaninsu Billy ba abin da ya faru. Haushi ne ya haife ta, martani ce, shi ya sa kiɗan yake maƙale a wuri ɗaya kamar jakin da ya ƙi tafiya. Mai ɗaki ya ce rufinsa na yoyo, kai baƙo kana rantsuwa ba ya yi?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutumin yana da abin da za a karrama shi da shi. Yayana ne ya fara kawo kaset ɗin The Stranger gidanmu, wanda ya fito a 1977, rubutun jikinsa har ya goge, muna juya zaren da biro idan ya sarƙe. A ciki akwai "Vienna". Mahaifin Billy ya bar su tun yana yaro ya koma Turai, da ya girma ya bi shi can birnin Vienna, ya ga wata tsohuwa tana sharar titi ya ji tausayinta, uban ya nuna masa cewa ai tana da aikin yi, ba a jefar da ita ba don ta tsufa. Daga nan waƙar ta fito, tana ce wa matashi ya rage gaggawa. Na saurare ta ina saurayi ban gane ba, sai da furfura ta fara fito min. Ga "Allentown" ta 1982, kan ma'aikatan da masana'antun ƙarfe suka rufe suka bar su a tsaye. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna suka mutu, ya ga iyayen abokansa zaune a ƙofar gida da rana tsaka, ba ya buƙatar a fassara masa ita. Ga "Piano Man" ta 1973, da ya rubuta kan mutanen da yake yi wa kiɗa a wata mashaya a Los Angeles, kowa da sunansa da burinsa da bai cika ba. Waɗannan mutane ne, kana ganin fuskokinsu. Mutum na fama da jinya, a tsallake duk waɗannan a ɗauko wadda shi ma yake kushewa?

Sannan don Allah masu gabatar da shirye-shirye, ku daina surutu a kan farkon waƙa. Kwanaki wani ya sako "Piano Man", daidai inda piyano ke shigowa da busar nan, ya hau karanta gaishe-gaishe, wane na gaida wance, har sai da baiti na farko ya wuce. Wurin nan nake jira tun da ya ambaci sunanta. Ku gama gaisuwarku tukuna, sannan ku saki kiɗan.