George Weah bai faɗo mulki daga sama ba

Mutane da yawa gani suke wai daga ajiye ƙwallo kawai Weah ya haye kujerar shugaban Laberiya saboda Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo, da ya ci a 1995, a'a wallahi ya sha ƙasa tukuna. A 2005 Ellen Johnson Sirleaf ta kada shi a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ana ta yi masa gorin bai yi karatu ba, mutumin nan ya tattara ya koma Amurka ya yo digiri, 2011 ya tsaya mataimakin Winston Tubman nan ma suka faɗi. Sai 2014 ya ci sanatan yankin Montserrado, 2017 ya doke Joseph Boakai, mataimakin shugabar ƙasa na lokacin, a zaɓen shugaban ƙasa. Boakai ɗin dai ya rama a 2023, Weah ya kira shi ya taya shi murna.